Wanda Ya Je Kwas da Wanda Ke Kunna Firiji

A ɗakin shan maganin da mahaifina ya shugabanta a gefen garin Illela, kwas rabon manya ne. Idan takarda ta zo daga Sakkwato ana neman mutum ɗaya ya je a koya masa wani sabon abu, ba a tambayar wanda zai riƙe abin idan an kawo shi. Furfura ake dubawa. Kuma ban taɓa jin wanda ya ga aibun haka ba. Kwas hutu ne, akwai ɗan guzuri, akwai jakar ratayawa, akwai hoto a tsakiyar manya, don haka yaro ya tsallake dattijo ya tafi, ai rashin tarbiyya ke nan. Ta haka Baba ya yi kwas iri-iri. Ya yi na tsabtace rijiya, ya yi na awon jarirai, har na gyaran babur ya yi lokacin da aka raba wa ma'aikatan lafiya babura, alhali har ya koma ga Allah bai taɓa hawa babur ba sai dai a goya shi.

Mijina a ƙarƙashin Baba yake aiki, can ma ya fara ganina ina kai abincin rana. Kafin aurenmu su biyun nan ba a jin kansu. Baba ne ya koya masa riƙon sirinji da ɗaurin miki, tare suke fasa goro, tare suke gardama a kan labarun rediyo har Baba ya riƙa ce masa mai taurin kai. Ranar da aka shafa fatiha, ranar hirarsu ta mutu. Sun zama surukai. Daga nan idan mijina ya hango Baba sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa, idonsa a ƙasa, Baba kuma ya kau da kai ya amsa gaisuwar yana kallon darbejiyar bakin ƙofa. Wurin aiki ɗaya, ɗakuna biyu kacal, amma maganarsu ta yini guda ba ta wuce "An gama?" da "An gama, Baba." Mutanen gari har yabon su suke yi, ana cewa ga surukai na ƙwarai.

Ni ce auta a gidanmu, kuma ni kaɗai ce Baba ke sakar wa fuska har mu yi raha. Tsakanin gidan aurena da gidanmu lungu ɗaya ne, mijina kuma bai taɓa hana ni leƙawa ba. A lokacin ina alfahari da wannan kusanci, ban san aikin da zai jawo mini ba.

Shekarar da aka buɗe iyaka, bayan doguwar rufewar nan ta zamanin soja, mota ta sauke firiji a ɗakin shan maganin. Fari ne, tsawonsa ya kai ƙirjin mutum, kuma da yake ɓangarenmu babu lantarki, da kananzir yake aiki. Can ƙasa kusa da daɓe akwai tanki da lagwani da ɗan gilashi irin na fitilar ƙwai. A kunna wuta a ƙasa, sanyi ya fito a sama. Tsofaffi suka yi ta zuwa kallo suna girgiza kai. An kawo shi ne don ajiye allurar rigakafin yara, musamman ta ƙyanda. Wanda bai zauna garinmu a wancan lokacin ba ba zai san abin da wannan kalma take yi wa cikin uwa ba. Mata ko sunanta ba sa son faɗa, sai dai su rage murya su ce baƙo ya shigo unguwa. Kowace bazara sai ta zo ta bi gida-gida, kuma ba kowane gida take bari yadda ta same shi ba.

Ina goye da 'yata ta fari a lokacin, ko zama ba ta fara ba. 'Yar fari kuwa an san yadda ake yi da ita. Ba na kiran sunanta, ba na yi mata wasa a gaban mutane, idan ta yi kuka ina cikin manya sai in yi kamar ban ji ba har sai wata ta ce in ɗauke ta. Amma idan muka shiga ɗaki daga ni sai ita, na sha sumbatar tafin ƙafarta har ta ƙyalƙyale. Da na ji labarin allurar sai na ji kamar dominta aka kawo firijin. An ce sai yaro ya cika wata tara ake yi masa, na duba na ga nata zai faɗo tsakiyar bazara, daidai lokacin baƙon. Na ce Allah ya kai mu.

Takardar kwas ta biyo bayan firijin, Baba ya shirya ya tafi Sakkwato. Bai kai wata ba ya dawo da sabuwar jaka da hoto da takardar shaida. Inna, mahaifiyata, ta yanka zakara. Aka sa takardar a gilashi aka rataye a zaure kusa da 'yan uwanta.

Mijina ne ya ba ni labarin yadda aka miƙa masa ilimin, kuma ba da sigar ƙorafi ya faɗa ba. Ɗakin firijin ɗan ƙarami ne, surukai biyu ba sa tsayuwa a cikinsa kafaɗa da kafaɗa. Don haka Baba ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "To, ga shi nan. A kula da wuta." Mijina ya ce, "To, Baba." Abin da ya iso wurin mai aikin ke nan daga kwas ɗin.

Daga ranar mijina ya fara dawowa gida da warin kananzir, hannun rigarsa baƙi ƙirin da hayaƙi. Mutum ne mai son aikinsa, ba rago ba ne. Yana sammako ya kwanta rubda-ciki a gaban firijin, ya ɗaga lagwani ya sauke, ya goge gilashi, ya hura, ya sake kunnawa. Wata rana firijin ya yi sanyi har ya ji daɗi, washegari ya tarar da shi ɗumi kamar akwatin kaya, ba tare da ya san abin da ya yi daidai jiya ko abin da ya ɓata yau ba. Ga kananzir mai kyau duk yana tsallaka iyaka zuwa Kwanni inda ake biya da sefa, abin da ya rage mana sai na 'yan kwalba, wanda Allah kaɗai ya san abin da aka gauraya a ciki. Ma'aunin sanyin da aka ce za a aiko daga baya kuwa ba mu taɓa ganin ƙeyarsa ba.

Wata rana yana cin tuwo ya ce mini, idonsa a kan kwano, "In kin tahi gida, ko da Baba zai yi zancen abin ga, ki saurara da kyau."

Na ce, "Malam, kai mi ya hana ka tambaye shi? Ba tare kuka wuni ba?"

"In tsare shi da tambaya kamar alƙali? Sai shi ga kamar gwada shi nika yi."

Haka na zama 'yar aike. Bayan la'asar sai in goya yarinya in tafi. Baba yana zaune a tabarma a tsakar gida, da ya hango mu zai miƙo hannu ya ce, "Kawo min amaryata," don haka yake tsokanar jikar tasa. Sai in bari ya gama yi mata rawa a cinya, sannan in sako zancen kamar wadda ba ta damu ba.

"Baba, wai mi anka koya muku can?"

"Abubuwa da yawa, Auta."

"Kamar mi?"

"Wuta dai shuɗiya aka so. In ta yi ja, ba ta aiki."

Na kwaso wannan da ɗuminsa na kai gida. Mijina ya ce shi ma ya lura in ta yi shuɗi an fi samun sanyi, abin da yake nema shi ne yadda ake sa ta ta yi shuɗin ta zauna a haka. Na koma. Baba ya ce a yanke lagwani daidai. Na kawo. Mijina ya ce daidai da me? Na koma. Baba ya ce kuma an ce kada firiji ya karkata. Mijina ya nemo guntun fasasshiyar tukunya ya cusa a ƙarƙashin ƙafa ɗaya, ya ja baya ya duba, ya cire ya mayar ƙarƙashin wata. Ni da iyakata firamare, ni ce nake jigilar kwas ɗin gwamnati a cikin lungu, da goyo a bayana. Wani lokaci abin har dariya yake ba ni. Wanda ya gan ni zai ce tsakanin masu gaba nake kai-komo, alhali ba na jin akwai mutum biyu a Illela da suka fi su ganin girman juna.

Ranar da dariyar ta ƙare, na matsa wa Baba ne da tambaya fiye da kullum. Ya waiga ya ga Inna tana can madafa, sannan ya rage murya.

"Auta, in hwaɗa maki gaskiya? Firiji guda na anka aje tsakar ɗaki. Mu manya anka jera muna kujeru a gaba, don girmamawa. Da malamin yaz zo wurin wuta sai yad durƙusa ƙasa, samari sunka duƙa sunka kewaye shi. Ni bayansu kawai nig gani. Da hurhurata in kwanta ƙasa cikin ɗiyan cikina ina leƙen gindin firiji? Ga Turancin yaron kamar ana zuba tsakuwa a kwano."

"Ba ka ce shi maimaita ba?"

"Ya tambaya ko kowa ya gane. Munka ce mun gane." Ya yi 'yar dariya, ya gyara wa yarinyar hula. "Amma kak ki damu. Maigidanki ya yi sakandare, kanshi na ja. Abin da ni ban gani ba, shi ya gano shi da hannu tuni."

A nan na gane halin da muke ciki. Baba ya saki jiki don yana ganin surukinsa ya iya, surukin kuma yana ta lalube yana jiran ranar da Baba zai buɗe baki ya ba shi sauran. Ni kaɗai na san ba sauran.

Ban ɓoye ba. Ni ba mai riƙe magana ba ce, Inna ta sha cewa bakina zai ja mini. Da daddare bayan ya ci abinci na ce, "Malam, Baba bai ga yadda aka kunna wutag ga ba. Shi da bakinshi ya hwaɗa min."

Ya ɗago ya dube ni, abin da ba ya yawan yi. "Kak ki ƙara hwaɗin haka, ko a ɗaka. Mutumin da gwamnati ta ba takarda? Tawali'u na irin na manya."

Har yau ban sani ba ko bai yarda ba ne, ko kuwa ya yarda ya ga ba inda zai kai yardar. Ina zai je? Ya tafi ofishin lafiya na ƙaramar hukuma ya ce a turo wanda zai koya masa? Tambayar farko da za a yi masa ita ce, shugabanku fa da ya je kwas? Daga nan ya tona asirin uban matarsa a gaban yaran da suke gaishe shi a durƙushe. Ya gwammace ya kwana yana shaƙar hayaƙi.

Na juya wurin Baba na ce masa shi ma fa maigidan nawa bai iya ba, lalube kawai yake yi. Baba ya ce, "Shi yac ce maki?" Na ce i. Ya yi murmushi. "Kunya ta. Yaron ga ko ya iya abu ba ya nunawa." Na so in yi ihu. Na ɗauki 'yata na fita ko sallama ban yi wa Inna ba.

Azumin shekarar a tsakiyar bazara ya zo, irin zafin da ko kaji buɗe baki suke yi a inuwa. Labari ya zaga gari cewa akwai akwatin sanyi a asibitin Baba, sai gidajen manya suka fara aiko da kwalaben ruwa a ajiye musu zuwa shan ruwa. Baba ya tuna an hana sa komai a ciki in ba magani ba, wannan kam ya ji shi da kunnensa. Amma kwalbar farko daga gidan da ba a ce wa a'a ta fito, kuma da aka karɓi ta farko ba fuskar da za a mayar da ta biyu. Yini ake ana buɗe firijin ana rufewa.

Wata ranar mijina ya zo mini da kwalba ɗaya a naɗe cikin tsumma, yana murna zai ba ni mamaki. Da aka kira sallah na kurɓa. Na tashi na je randata da ke ƙarƙashin rumfa na ɗebo a moɗa na kurɓa. Na randa ya fi sanyi, nesa ba kusa ba. Na zauna da moɗar a hannu, yunwar azumin ma ta tafi.

Na ce, "Maganin ga yana lalacewa in bai samu sanyi ba?"

"Haka anka ce."

"Ana ganewa in ya lalace?"

"Ba a ganewa. Kwalba na nan yadda take." Sannan ya ƙara, kamar kansa yake lallashi, "Da asuba yana yin sanyi ƙwarai. Da rana na yake ɗan sakewa."

Saura kwanaki kaɗan yarinyar ta isa allura. Ina da gwaggo da take aure a Kwanni, na kuma ji matan da ke zuwa kasuwa daga can suna cewa su ma ana yi a asibitinsu. Daga Illela zuwa Kwanni tafiya ce da mutum zai je ya dawo kafin azahar. Na shirya maganata tsaf, na je gidanmu na ce ziyara zan kai wa gwaggo. Kuskurena ɗaya, Inna ta san ni kamar yunwar cikinta. Ban gama ba ta katse ni.

"Ziyara ko? Ɗiyar shugaban asibiti, matar mai allura, ta ɗauki ɗiya ta kai Kwanni a yi mata allura. Kahin ki wuce shingen 'yan kwastan labari ya kai kasuwa. Matan Araba da na Tozai da ubanki yas sha wuya kahin su yarda su kawo ɗiyansu, mi za su ce? Kuma ke ko kunya ba ki ji, ɗiyar hwari kika wannan rawar jiki a kanta?"

Na ce kunya ba ta hana ƙyanda. Ta ce in rufe mata baki. Na koma wurin mijina na nemi izini, ya ce in bari sai bayan sallah. Ya san abin da nake nufi, na san ya sani, kuma ba na iya tsallake iyakar ƙasa da goyo ba da yardarsa ba. Na yi kuka a ranar, kukan haushi, ina daka ina yi har na kusa fasa turmin.

Ranar Lahadi ake yin allurar, don ita ce ranar kasuwa, matan ƙauye suna shigowa. Baba da kansa ya aiko aka ɗauki yarinyar. Ya ce amaryarsa ce za ta fara, a gaban kowa, don matan da ke ɗari-ɗari su ga jikarsa ma an yi mata. Inna ce ta goya ta ta kai. Ubanta ne ya tsira mata allurar, an ce ko fuskarta bai kalla ba, kamar yadda ya dace da uba da 'yar fari. Matan suka ga haka suka matso suna turereniya. Ni ina gida. Da aka dawo mini da ita, hawaye ya bushe a kumatunta, na shige ɗaki na duba wurin. Ɗan ɗigo ne da ƙyar ake gani. Na ce ya Allah ka sa wannan kwalbar tana cikin masu rai.

Bayan damina wata takardar ta zo, kwas na biyu a kan firijin dai. Na tafi wurin Baba da gudu-gudu, na durƙusa na roƙe shi ya tura maigidana. Ban taɓa roƙonsa wani abu haka ba. Ya saurare ni har na gama.

"Auta, in tura surukina in bar mataimakina da yat tsuhwa yana jiran layi? Gari zai ce na mai da asibiti gadon gidanmu. Shi kanshi maigidanki ba zai iya ɗaga kai cikin mutane ba."

Gaskiyarsa ne, haka za a ce, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Mataimakin, wani dattijo mai ciwon gwiwa, shi ya tafi. Ya dawo da jakarsa, ba a jima ba aka mayar da shi Gidan Katta inda babu firiji. Sai bayan shekaru, da aka fara kiran masu aikin da kansu, mijina ya je ya durƙusa ya gani da idonsa. Ya ce abin bai fi a nuna wa mutum sau ɗaya ba. Ƙannen yarinyar duk an yi musu allura daga wannan firijin, ba wanda ƙyanda ta taɓa. Allurar ba ta da laifi, tun a lokacin na san haka.

Amma wannan daga baya ne. A waccan shekarar dai bazara ta wuce lafiya, damina ta wuce, yarinya ta tashi da ƙafarta, ta fara haɗa kalmomi. Na soma ce wa kaina na cika zargi. Da wata bazarar ta kewayo ta isa yaye, aka kai ta wurin Inna kamar yadda ake yi, aka ce kada in leƙa sai ta manta nono. Ina zaune da ciwon ƙirji ina ƙirga ranar da zan gan ta, sai aka aiko in zo.

Na tarar da ita a cinyar Inna, jiki kamar garwashi, ido ja, tana tari. Inna ta ɗaga mata kunne ta nuna mini ƙuraje a baya. Mijina ya ce ai an yi mata allura, ko ta kamu da sauƙi abin zai zo. A makon nan aka yi ta kawo yara daga Araba da Tozai a kan jakuna, wasunsu iyayen na cewa ai an yi musu. Na riƙa tambayar matan da ke biyowa ta gidanmu yaushe aka yi wa nasu. Waɗanda aka yi wa lokacin hunturu yawanci suna nan garau. Masu kwanciyar, in ka bi, sai ka ji an ce cikin azumin bara.

Na tare a gidanmu, na ajiye kunyar 'yar fari a gefe, wanda zai yi magana ya yi. Yaye ya riga ya rage mata ƙarfi, ba ta karɓar koko, ba ta karɓar ruwa sai da cokali. Idanunta suka kumbura suka manne. Baba ya yi duk abin da ya sani, kuma a wannan fannin ya sani. Shi yake wanke mata ido da hannunsa, ya sa magani, ya zauna a gefenta yana jan carbi. Ban ƙara jin ya ce amaryata ba.

Da zazzaɓin ya sauka gida ya cika da hamdala. Ƙurajen suka bushe suka fara saɓa. Wata safiya idanun suka buɗe, na sunkuya ina murna, sai na ga fari-fari ya rufe baƙin, duka biyun. Na ce ƙila kwantsa ce, na goge. Na ɗauko ƙosai, abin da ta fi so, na miƙa mata. Ta ji ƙamshin ta miƙo hannu, hannun ya wuce ta gefe yana laluben iska. Na matsar da shi gabanta sosai, ya sake wucewa. Inna ta juya ta shige ɗaki.

Ranar Lahadi ce. Da hantsi mijina ya zo dubiya kafin ya wuce aiki, aka fito masa da yarinyar ƙofar gida ya duba idon. Ya tuɓe takalmi a waje ya shiga zaure ya durƙusa a gefen tabarmar Baba. Ni ina tsaye a bayan labulen ƙofar da ke shiga cikin gida, yarinyar a kafaɗata. Dukansu sun ga idon, dukansu ma'aikatan lafiya ne, sun san abin da suka gani, sun kuma san inda ya fito. Na ce yau kam za su yi magana. Ko faɗa ne su yi, ko kuka, ni dai in ji ɗaya ya ce wa ɗaya ban iya ba.

"Baba, ya mai jiki?"

"Da sauƙi. Zazzaɓi ya sauka."

"Alhamdu lillahi."

Ina jin ƙarar carbin Baba. Can ya yi gyaran murya.

"Idon dai."

"Na gani, Baba."

"Haka Allah yas so."

"Haka na, Baba."

Na tsane su a wannan lokacin, su biyun, kuma ba ni da waɗanda nake so kamarsu. Na kai hannu zan ɗaga labulen, sai na ji an riƙe mini wuyan hannu ta baya. Inna ce. Idonta jawur, amma riƙon ba na wasa ba ne. Ta girgiza mini kai. Na tsaya.

Baba ya ce, "Yau kasuwa. Mata sun taru?"

"Sun taru, Baba."

"To, tashi ka tahi. Kada su yi ta jira cikin rana da goyo."

Mijina ya ce a gaida mai jiki, ya miƙe a sunkuye ya fita. Yarinyar ta ji muryar ubanta tana nisa, ta zame daga kafaɗata ta sauka. Ta yi taku biyu tana kiransa, hannuwanta a miƙe, fuskarta tana kallon bango.